Fusa da Awarar Tome

Littattafai goma sha huɗu Narahara Fusa ta rubuta, kuma dukkansu a injina aka buga su, a bayan kasuwar kifi ta birnin Kanazawa. Na ƙirga gawarwakin da ke cikinsu, talatin da ɗaya. Wannan kuwa mace ce da ko kyankyaso ta gani sai ta aiko a kira ni in zo da tsintsiya.

Mahaifinta mai yin laimar takarda ne. Mijinta ya tafi yaƙi bai dawo ba, ya bar mata akwati biyu na littattafai, sai ta zare ƙofar gaban gidanta ta jera su a kan katako, ta fara ba da haya. Labaran binciken kisa ba sa kwana a shagon, amma kaɗan ne, kuma duk fassara ce: gidajen dutse, manyan mukullai, sunayen da harshe ba ya iya juyawa. Wata safiya ta shigo maɗaba'ata da takardu ɗaure a ƙyalle.

"Genzo sarkin lissafi, duba mini wannan," in ji ta. "Don ƙofofinmu na takarda ne, sai a ce ba mai iya kashe mutum a unguwarmu?"

A tsaye na karanta. Kafin ta gama shan shayinta na ce za mu buga kwafi ɗari uku, kuma ba ko ɗaya da ya yi saura. Ban san wata mace a birninmu da ta riga ta irin wannan rubutu ba.

Aibinta ɗaya: ba ta iya ƙirƙiro mutum, sai dai ta ɗauko daga layinmu. Wanzami Rokuro da ta jefa a rijiya a littafi na biyu har manna shafin ya yi kusa da madubinsa. A na uku ne aka samu matsala. Mai kisan wata bazawara ce mai sayar da awara, tana jan ƙafar hagu, tana waƙa ta hanci in tana yanka, ta zuba maganin ɓera a cikin awarar. Ba wanda bai gane Tome mai awarar layinmu ba. Tome da suka yi makaranta tare, wadda ta riƙa kai wa Fusa dafaffiyar shinkafa a watan da labarin rasuwar mijin Fusa ya zo.

Tagata tana kallon shagon Tome, ni kuma ba na ganin layi ban ƙirga ba. Da, kwano arba'in da wani abu mata ke kawowa sayen awara kowace safiya. Bayan littafin suka koma tara. Ba wadda ta ce ta yarda da labarin. Sai dai su sunkuya su ce, "Yau kifi muka samu," su wuce. Tome kuwa da awarar take ciyar da surukarta makauniya.

Fusa ta je neman gafara da kwalin alewar wake, ta durƙusa har goshinta ya taɓa dandamali. Tome ta sunkuya fiye da ita.

"Haba, ranki ya daɗe, babbar marubuciya. Ai ba komai. Ni wace ce?"

Washegari ta aiko da kwalin da ya fi na Fusa girma. Fusa ta zauna tana kallonsa, ta ce, "Shekara da shekaru tana kirana mai kan kabewa. Yau na zama ranki ya daɗe. Ta sallame ni ke nan."

Na ce mu buga sanarwar wanke Tome kwafi ɗari biyar, ni da kaina zan raba gida-gida. Ta ce takarda ta riga ta yi ɓarnarta, in bar takardar ta huta.

Da sassafe, ana zubar dusar ƙanƙara, na ga Fusa da 'yar kujera da kwano da tsinken cin abinci. Ta sayi awara ɗaya, ta zauna a bakin shagon Tome, ta ci ta da sanyinta, ko miya babu. Duk wadda ta zo wucewa sai ta kira sunanta.

"Uwargidan Kosaka, ina kwana? Kin gan ni da raina. Jiya ma na ci."

Kullum haka. Kwanuka suka koma goma sha biyu, suka kai ashirin. Wasu kunya ta dawo da su, wasu kuma, ina jin, sun zo ganin ko za ta faɗi ne. Tome tana miƙa mata awara da hannu biyu kamar baƙuwa. Fusa ta kamu da tari mai ƙara kamar zarto, na roƙe ta ta tsallake safiya ɗaya, ta ce in koma in ƙirga haruffana.

Ranar da na ƙirga kwano talatin da takwas, tari ya turnuƙe Fusa har tsinken ya faɗi cikin ƙanƙara. Tome ta ajiye wuƙa, ta fito tana jan ƙafa, ta tsaya a kanta.

"Ke mai kan kabewa, in mutuwa za ki yi, kada ki mutu a ƙofata. Sai a ce littafinki ya yi gaskiya."

"Yaya Tome, ki yafe mini."

"Tashi ki shiga ciki. Akwai awara mai zafi da citta. Kuma ni ba ta hanci nake waƙa ba."

"Ta hanci kike yi."

"Shiga, na ce."

Littattafai goma sha ɗaya suka biyo baya, kuma kowanne Tome ce ta fara jin sa kafin ni. Fusa tana karanta mata a bayan shago, Tome tana tace waken soya, in ta gane maƙwabci a labarin sai ta buga ludayi a tukunya, a sauya masa hanci ko sana'a. Sau da yawa hakan ya makarar mini da aiki, na yi ƙorafi, ba wadda ta saurare ni a cikinsu.