Yayana Bawa, wanda aka hana wa baftisma

Shekara talatin ke nan da muka binne yayana Bawa a gefen gonarsa, can hanyar Manga, saboda an hana shi wuri a maƙabartar masu bi. Har gobe in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Da Turawan mishan suka shigo Zuru, Bawa yana cikin na farko da suka karɓi bishara. Lokacin yana tsakiyar golmo, noman shekara bakwai da saurayi kan yi wa surukinsa kafin a ba shi mata. Malam Ishaku, wanda Bature ya ɗora kan ajin baftisma, ya ce golmo aikin arna ne, Bawa ya zaɓa, ko fartanya ko Yesu. Bawa ya ce ya yi wa tsoho alkawari, saura damina uku, ba zai fara bin Ubangiji da cin amana ba. Abokan golmonsa kuma suka janye jiki don ya daina noma ran Lahadi. Shi kaɗai ya ƙarasa.

Malam bai taɓa yafe masa ba. Duk shekara in an sauka rafi yin baftisma, Bawa na tsaye a bakin gaɓa da wankakkiyar rigarsa, Malam yana faɗa a gaban jama'a cewa Bawa itacen banza ne, bai ba da 'ya'ya ba. Shi dai Malam, yawan kawunan da ka jawo aji kaɗai ya sani.

Wata damina kurkunu ya kwantar da Malam, ciyawa ta cinye gonarsa. 'Yan ajin nasa suka yi ta masa addu'a daga nesa. Bawa ne ya nome gonar, ya girbe dawar, ya zuba masa a rumbu. Ni na ce ya bar mugu da yunwarsa, ya ƙyale ni. Malam ya warke, ya ci dawar, bai sake ra'ayi ba.

Da Bawa zai ga manyan majami'un yau, na san murna zai yi. Ni ban kai shi kyan zuciya ba, kuma ba na ɓoyewa.

Watan jiya ɗan Malam, wanda yanzu fasto ne, ya zo tattara sunayen masu bi na farko. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, babu sunan Baba Bawa cikin littahin baftisma. Mi za mu nuna shaida?"

Na ce, "Daminar kurkunu aka yaye ka. Tambayi tsohuwarka da dawar wa ta dama maka kunu."