Kalmar Sirrin Baba

Ko da tsufa ya kwashe min komai, ranar da na zauna gaban kwamfutar gidanmu ina neman kalmar sirrin Baba ba za ta fita a raina ba.

Kwamfuta ɗaya ce a gidanmu na Kaura Namoda, kowa da ɓangarensa: ni, Baba, da ƙannena biyu. Imel kuwa guda ne, domin Baba ya ce gida ɗaya ba ya bukatar akwati huɗu. Mai gyaran da ya haɗa mana ya yi shi ta yadda duk wanda ya fara buɗe ɓangarensa, sabbin saƙonni can za su zube, sauran ba za su gan su ba. Ba mu taɓa damuwa ba, don a lokacin wa ke rubuto mana abin kirki?

A waccan shekarar na nemi makarantar ungozoma a Gusau, bayan na rasa shekara biyu a jere. Da hantsi ƙawata da muka nema tare ta kira ni, ta ce saƙon tantancewa ya iso, gobe da sassafe ne, kuma ba mai shiga sai da takardar da ke ɗauke da lambarsa. Na buɗe ɓangarena, wayam. Na ƙannena ma haka. Sai Inna ta ce ai Baba ya kunna kwamfutar bayan asuba, kafin ya tafi ta'aziyya Katuru.

Ɓangaren Baba a kulle yake, Katuru kuwa sabis sai an yi sa'a. Ga shi motar Gusau ba ta tashi bayan la'asar, saboda halin da hanya ke ciki. Kamar da gangan, aka ɗauke wuta, cajin kwamfutar ya fara sauka.

Na kira Baba har yatsana ya gaji. Na koma cinke. Na sa sunan autanmu, wanda Baba ke goyo a bayan babur ko'ina, ta ƙi. Na sa lambar wayarsa, sunan mahaifiyarsa, sunan gonarmu ta Zurmi. Duk ta ƙi.

“Inna, don Allah ke ba ki san ta ba?”

“Ni ina ruwana da abin ga naku?” in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe ba ta ko dube ni ba. Haushi ya cika ni, na fara kuka ina cewa shi ke nan, bana ma ta wuce.

An kira azahar lokacin da wayar ta shiga. Muryar Baba na yankewa, ina jin masu gaisuwa kewaye da shi.

“Baba, kalmar sirrinka nake so. Saƙon makaranta na wajenka.”

Na dubi cajin kwamfutar, saura kaɗan.

“Baba, kana ji na? Caji zai ƙare.”

“Ina jin ki. Ba ta faɗuwa nan, cikin mutane nike.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni ce 'yar fari, kuma a al'adarmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban jama'a. Na girma ina jin “ke” da “waccan”, ƙannena kuwa ana kiransu da suna har da kirari. Na san al'ada ce, amma a raina na daɗe da yanke cewa Baba bai damu da ni ba. Ga shi yau ma, karatuna na shirin lalacewa, shi kuma yana ta kunyar mutane.

“Baba, in ba ka faɗa ba, na rasa makarantar nan.”

Na ji ya ja numfashi, ya rage murya. “Rubuta sunan wadda ka magana da ni.”

Wayar ta katse.

Na rubuta sunana, ɓangaren Baba ya buɗe. Saƙon na nan a sama, ba a ko taɓa shi ba. Na waiga, Inna ta riga ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki. Ashe ta sani tun farko, ita ma bakinta ba zai iya ba.

Na kwafe saƙon, na ruga shagon buga takardu a bakin kasuwa, na samu kujerar ƙarshe a motar Gusau. Har muka isa ban daina share hawaye ba, matar da ke kusa da ni tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi min.

Na samu makarantar. Da na dawo hutu na buɗe imel nawa ni kaɗai, kuma har yau ina gaya wa duk mai kwamfutar haɗaka ya yi haka. Amma babban abin da ranar ta koya min shi ne in daina auna ƙaunar iyaye da abin da bakinsu ya furta. Baba ya rasu bai taɓa kiran sunana na ji ba, alhali kullum da safe sai ya rubuta shi da yatsunsa.