Na Roƙa wa Inna Rana

Jiya muna jiran motar aiki a unguwar Najma, nan ƙasar waje da muke ci-rani, zufa ta jiƙa min riga tun rana ba ta ɗaga ba, sai abokin aikina Malam Isiyaku ya miƙo min waya. Bidiyon ƙauyensu ne, can cikin kurmin kudancin Kamaru. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko'ina kore shar.

Ni Bakatsine da na yi wata da watanni ban ga hadari ba, sai na ce, "Masha Allah, Allah ya ƙaro!"

Ya ce, "Haba Injiniya, kar ka ja mana. Mu damina biyu muke yi a shekara, ɗan ranin da ke tsakani da shi muke shanya 'ya'yan koko, na yin cakulan. Bana bai zo ba. Abin da Inna ta noma duk ya yi fumfuna, ga hanya ta yanke, maganinta na can birni."

Mu a gida ko katanga ruwa ya rushe, cewa muke ya yi gyara.

Yau da asuba, a garin nan da rana ta gama gasa mu, rana na roƙa wa tsohuwarsa.

Ku fa, kun taɓa roƙon Allah ya ɗauke ruwa?