Kuɗin Ruwan Kawu Nagi

Duk wanda ya san Kawu Nagi Mukbil a layinmu na South Shields, a Ingila, zai ce maka marowaci ne, ni ma na sha faɗa. Mutumin da zai tsaya a kantina yana jujjuya gwangwanin wake, yana neman wanda ya lotsa don in rage masa kwabo goma, me za ka kira shi? A nan aka haife shi. Mahaifinsa ya zo daga Yaman yana zuba kwal a injin jirgin ruwa, shi kuma ya yi shekara talatin yana walda a wurin ƙera jirage har aka rufe wurin. Daga nan ya tuƙa bas har idonsa ya gaji. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna Birmingham, sai dai waya ranar Juma'a.

Kuɗin gas da lantarki ne kaɗai ba ya ƙwauron biya. Kamfani yana cire masa adadi ɗaya daga banki kowane wata, da zafi da sanyi, don haka kafin sanyi ya shigo ya tara rara mai kauri a wurinsu. Tsoron bashi ya sa ya ce su riƙa cire fiye da yadda suka nema. Wata rana, shekara shida ke nan, ya faɗo kantina da takarda a hannu, fuskar nan kamar an yi masa rasuwa.

"Zubaida, 'yata, duba min nan. Wannan fam ɗaya da kwabo arba'in na mene ne?"

"Kuɗin ruwa ne, Kawu. A kan rararka da ke wurinsu suke ba ka."

"Innalillahi! Wa ya roƙe su? Shekara saba'in ban ci riba ba, sai yanzu za ta biyo ni ta bututun gas?"

Na yi dariya har da hawaye, shi kuwa ko murmushi. Ya je ya tambayi liman, liman ya ce ya fitar da kuɗin ya ba mabuƙaci, kada ya sa ran lada.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Hilda Purvis. Tsohuwa ce, ta girme shi da shekara biyu, ta yi aiki a gidan waya har ta yi ritaya, mijinta ya mutu ya bar ta da bashi. Saboda bashin nan aka sa mata mita mai kati: in ta loda kuɗi gas ya zo, in sun ƙare ya ɗauke. A wurina take lodawa, fam biyar biyar, don haka na san ranakun da take kwana da kwat a jiki. Amma Hilda ba ta karɓar taimako. Mutanen coci sun taɓa kai mata kwalin abinci, ta bi su da shi har bakin mota.

Ranar Litinin da ta biyo bayan zuwansa wurin liman, tana kantina sai ga Kawu, ya ajiye fam ashirin kusa da katinta.

"Hilda, alfarma nake nema. Akwai kuɗin ruwa a cikin wannan, addinina ya hana ni ci. Datti ne a wurina. Ki rufa min asiri ki kwashe."

"Ka ga na yi kama da kwandon shara, Nagi?"

"Ko kusa. Amma ke ba a hana ki ba. In kin ƙi, a kogi zan zuba."

"Duk ashirin ɗin ne dattin?"

"Sun cakuɗe. Ban san wanne fam ne ba, dole duk su tafi."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta turo min katin. "Loda, Zubaida, kada tsohon nan ya ɓata mana kogi."

Haka aka yi ta yi kowace Litinin, daga Nuwamba zuwa Maris, sanyi shida. Bai taɓa yin ƙarya ba, wannan na shaida. Yakan raba ɗan kuɗin ruwan wata gida huɗu, ya tabbatar kowane ashirin akwai kwabbai na riba a ciki. Ni dai na daina ce masa marowaci, ko da yake bai daina neman gwangwani lotsattse ba. Daga nan ashirin ɗin take fitowa.

Bara, ana tsakiyar sanyi, kamfani ya aiko da wasiƙa cewa sun daina biyan kuɗin ruwa a kan rara. Kawu ya zauna a kan kwalin madara a kantina yana riƙe da wasiƙar.

"Kawu, ba murna za ka yi ba? An raba ka da haram."

"Ke dai bari, 'yata. Yanzu me zan ce mata?"

"Ka yi shiru mana. Wa zai gaya mata?"

"In ce akwai datti alhali babu? Da furfurata?"

Haushi ya kama ni, na ce masa wannan taurin kai ne ba tsoron Allah ba. Bai kula ni ba. Ya je ya ƙwanƙwasa mata ƙofa ya faɗa mata gaskiya, ya ce ta karɓa a matsayin kyautar maƙwabtaka. Ta ce ta gode, ta rufe ƙofa. Litinin ta zo ta loda fam biyar, yatsunta sun yi fari fat, da ƙyar ta zaro katin daga jaka. Tausayinta ya kama ni, kuma na ji kamar in shaƙe su duka biyun.

Abin da ban sani ba shi ne Kawu ya kashe hitar da ke ɗumama gidansa tun daren da ta rufe masa ƙofa. Bai gaya wa kowa ba. Sai dai hitarsa ta falo a jikin katangar nan take, Hilda kuma shekara da shekaru kujerarta tana jingine da ɗaya gefen, tana shan ɗumin da ke ratsowa. Kwana tara katangar tana sanyi ƙalau, tana jin tarinsa ta cikinta.

Ranar Litinin ta biyu ta same shi a kantina yana sayen maganin tari, ya naɗe wuya da mayafi biyu. Ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Kai, Nagi, kashe kanka za ka yi ka bar ni da surutun mutane?"

"Ina tattali ne."

"Tattalin ƙaniya! Shekara talatin da ɗaya na yi ina lissafin kuɗin ruwa a gidan waya. Ka ɗauka ban san nawa kamfanin nan yake ba ka ba? Ko kuɗin shayi bai kai ba."

Kawu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ta zaro katinta ta buga a kan tebur.

"Sanyi shida ina kwashe maka datti, ko sisi ba ka biya ni ba. A garin nan akwai mai kwashe shara kyauta? Ladan aikina nake so. Ashirin duk Litinin."

"Har zuwa yaushe?"

"In ka gama biya zan gaya maka. Kuma ka je ka kunna min katangata."