Irin Gidan Alhaji Labaran

Duk wanda ya taɓa zuwa neman izinin gini a ofishin su Malam Inuwa ya san teburinsa: na ƙarshe ne can jikin bango, ƙafa ɗaya an tokare ta da tsohon fayil. Shekara ashirin da bakwai yana zana wa mutane gidaje a kansa. Da fensir da rula ya fara. Da aka kawo kwamfuta ya koya yana tsaki, wai ita ba ta san inda ruwan damina ke bi ba. Shi kuwa ya sani. Ka kawo masa fili komai karkacewarsa, irin na cikin birni da ake rabon gado a bar wa mutum wani lungu, zai fitar maka da zaure da tsakar gida, ya juya indararo yadda ba za ka yi faɗa da maƙwabci ba.

Amma in an tashi aiki, babur yake hawa ya koma unguwar Kwarbai, gidan gadonsu, ɗaki biyu shi da matarsa Batul da 'ya'ya biyar. Mai zana wa mutane gida! A majalisa sun daɗe suna tsokanarsa da wannan, shi ma yakan taya su dariya, irin wadda ba ta wuce haƙori.

Yana da nasa gidan fa, amma a takarda. A durowar ƙasa yake ajiye da shi. In ofis ya yi shiru, an tafi taro ko an ɗauke wuta, sai ya fito da shi ya goge nan, ya ƙara can. Ya fi shekara goma yana wannan gini, bai taɓa sayen bulo ko ɗaya ba.

To, akwai Labaran. Mai kula da sito ne a ofishinsu a da, mataki uku ƙasa da Inuwa, mutumin da ko takardar neman hutu sai Inuwa ya rubuta masa. Ya ajiye aiki ya shiga kwangila, Allah ya buɗa masa, ya je Makka ya dawo da tumbi. Wata Talata ya shigo ofis yana ƙamshin turare, ya ce ya sami fili a bayan Ƙofar Kuyambana, a zana masa gida.

Nan Inuwa ya yi wautar da har yau in ya tuna yake jin kamar ya mari kansa. Wai don ya nuna wa tsohon mai sito yadda aikin ƙwarai yake, sai ya ja durowar ƙasa ya shimfiɗa nasa zanen. Labaran ya daɗe yana kallo.

"Malam, wannan nake so."

Me zai ce? Ya ce gidan kansa ne, shi da ba shi da ko taku goma na ƙasa? Kunya ta rufe shi, girman kai ya ƙarasa. "Ɗauka mana, Alhaji. Ai takarda ce."

Wata goma sha huɗu gida ya tashi. Kai, gida ya yi kyau! Wallahi da ya fito a karkace da Inuwa ya sami sauƙi, amma ina, magini bai kauce wa layi ko ɗaya ba. Hanyar Inuwa ba ta bi ta can, amma kullum sai babur ya kai shi. Ya rage gudu, ya kalla, ya ji zuciyarsa tana tafasa. Hassada ce, ba wani suna gare ta ba, kuma ya sani. Ya yi istigfari, gobe ya koma. Batul ta gane tun daga yadda yake ture kwanon tuwo. "Yau ma ta Kuyambana aka biyo ke nan," takan ce, ba ta ko ɗaga kai.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ƙure shi, mutane suka fara zuwa teburinsa suna cewa a zana musu irin gidan Alhaji Labaran. Wani ɗan kasuwa ma ƙarawa ya yi: "In dai za ka iya, Malam. An ce daga Kaduna ya ɗauko mai zanen."

In za ka iya! Ranar Inuwa bai ci abincin rana ba. Gidan ya tafi, ya haƙura. Amma sunansa fa? Ya ƙudura sai Labaran ya faɗa da bakinsa, a gaban mutane, wanda ya zana.

Asabar da hantsi, lokacin da ya san zaure cike yake da masu gaisuwa, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya tafi. A hanya ya tsara maganganu masu zafi har kala uku. Bai sami faɗin ko ɗaya ba. Yana yin sallama Labaran ya miƙe tsaye.

"Jama'a, ga mai gidan nan na gaskiya! Shi ya zana shi, tun daga soro har makewayi. Ni bulo kawai na saya."

Aka yi ta miƙo masa hannu, ana sambarka. Inuwa ya yi ta amsawa. Abin da ya zo ƙwata da faɗa an miƙa masa kamar goro, kuma haushin bai ragu ba.

"Zo ka gaida Hajiya," in ji Labaran, ya ja shi ciki. Inuwa ba ya bukatar jagora, ƙafarsa ta san kowace kwana. Suka nufi ɗakin gabas. Labaran ya ce, "Wuri ɗaya magini ya ce ka yi kuskure. Tagar nan, wai ta yi ƙasa da yawa, kamar ta yara. Na ce a bi takarda. Ka ga kuwa tun da muka tare Hajiya ba ta barin gindinta."

Hajiya Sailuba, mahaifiyar Labaran, tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, hantsi ya sauka daidai gwiwoyinta. Daga zaunen tana ganin tsakar gida duka, jikoki da masu girki, ba sai an ɗaga ta ba.

Ba kuskure ba ne. Inuwa da kansa ya auna tsawon tagar, da rular ofis, daga ƙasa zuwa kafaɗar Innarsa tana zaune, tana yi masa dariya tana cewa ko likkafani yake auna mata. Ciwon gwiwa gare ta, ɗakinta na Kwarbai kuma rana ba ta shiga. A cikinsa ta rasu, shekara huɗu ke nan.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Labaran ya ce, "Hajiya, ga wanda ya yi miki tagarki."

Tsohuwa ta dube shi da kyau. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Wanda ya yi wannan ya san tsofaffi. Ita ma tsohuwarka ka yi mata irinta ko?"

Inuwa ya dubi hasken da ke kan gwiwoyinta.

"Ban samu yi ba, Hajiya," ya ce.