Shekarar da Na Yi Gaba da Awara

Ina ɗan shekara goma sha uku na yi gaba da awara, alhali a gidan mai awara nake kwana. Innarmu ce ke suyarta a ƙofar gidanmu a Boɗinga. Ta jiƙa waken suya, ta kai niƙa, ta tace, ta dafa, ta zuba ruwan tsami, kafin la'asar kasko ya hau wuta. Duk wadda ta fashe ko ta ƙone rabona ce, ni kuwa ban taɓa raina rabo ba. Na ci awarar da za ta gina ɗaki.

Wata safiya sai na ji wani ƙullutu a ƙarƙashin kan nonona na hagu, kamar ƙwayar gyaɗa, in riga ta goge shi sai zafi. Bayan mako guda na dama ma ya ce ba za a bar shi a baya ba. Na ja bakina na yi shiru. Asirina ya tonu ne a tafkin da muke wanka da damina. Wani abokina, ɗan gidan mai gyaran rediyo, wanda ba a taɓa ba shi labarin da bai riga ya ji ba, ya ƙura mini ido.

"Wallahi awara ta!" in ji shi. "Na ji an hwaɗi ga rediyo, waken suya shina da sinadarin mata ciki. Kahin salla sai an sayo maka ɗankwali."

Yara suka yi ta dariya har da faɗawa ruwa. Ni kam na gaskata shi ɗari bisa ɗari. Mace zan koma. Na riƙa tunanin ranar da liman zai waiwayo ya ce in fita daga sahun maza.

Na zauna na yi lissafi irin na masu hankali: in wake na mata ne, ai sa namiji ne, don haka maganin awara naman sa. Na daina taɓa kaskon Inna, na riƙa saka riga biyu cikin zafin nan namu, kuɗin tarana kuma ya koma wurin mai tsire na bakin tasha. Kullum tsinke ɗaya, ina taunawa a hankali don maganin ya shiga jiki sosai. Ana nan sai wani dattijo makiyayi daga Horo Birni ya tsaya yana hira da mai tsiren.

"Shanun turka na yanzu ba kiwo na ba," in ji dattijon. "An ce wasu allura suka yi musu su kumbura. Shi as sa ɗiyan birni ka girma tun lokaci bai yi ba."

Na ajiye tsinkena da sauran yanka biyu. Gaba kura, baya sayaki. Daga ranar sai tuwo da miyar kuka, in na ga tsoka ma in ture ta gefe.

Inna ta zuba mini ido kwana biyu. Fasassun awara sun taru babu mai ci, ɗa kuma yana zufa cikin riga biyu. Ba ta tambaye ni komai ba, ta kama ni a bakin rijiya ta ɗaga rigunan. Na fashe da kuka na zayyane mata komai. Washegari muka shiga bas zuwa Shagari, wurin ƙanenta da ke aiki a wani ƙaramin asibiti.

Kawu ya latsa wurin, ya dube ni, ya tuntsire da dariya.

"Yaya, ɗanki girma ya taho mai," ya ce wa Inna. Sannan ya juyo gare ni. "Jikinka na ka haɗa nashi sinadari na balaga, shi ak kawo wanga kumburi. Samari da yawa suna yin shi, ni ma na yi, kuma da kanshi shika bajewa. Gaskiya ta, wake na da wani abu mai kama da na mata, amma ba shi da ƙarhi. Wanda kaka ci bai maishe ka komi. Naman ma ci abinka. In ya ƙi sauka ko ya yi ta girma, ka dawo in duba."

Daɗin da na ji a ranar ban san inda zan sa shi ba. Ina fita na tuɓe riga ɗaya. Inna ta yi ta dariya a mota har muka wuce Dandin Mahe, tana cewa ashe wata guda ana zargin kaskonta ba ta sani ba. Can sai ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ashe ka girma ina nan ina suya," ta ce.

Ban san abin da ta faɗa wa Baba ba. Da magariba na ɗauki ɗan kwanona zan zauna cikin ƙannena, sai ya kira ni zaure, inda yake ci tare da ƙannensa biyu. Ya gyara zama ya bar mini gefen tabarma.

"Wanke hannu," ya ce. "Nan ab bigirenka daga yau."

Tuwon nan da zafi kamar garwashi, manya kuma ba sa jira ya huce. Yatsuna suka yi jawur, ido ya kawo ruwa, amma ban janye hannu ba.