Garmahon Yaya Modu Ya Tara Mana Biki

Ƙawaye, ba aurena ake yi ba, duk 'yan unguwarmu Mafoni sun yi kuskure!

Yau da hantsi Yaya Modu ya kunna garmahon da ya sayo a Kano. Sai ga busa kamar algaita! Ba ta ma da daɗi. Kafin faifan ya ƙare, matan unguwa sun cika tsakar gida da guɗa.

Ya Falmata maƙwabciyarmu ta kama hannuna, ta gaishe ni da Barbarci. "Wushe amarya! Ina lallen?"

Na ce, "Akwati ne ke busa, Ya Falmata."

Inna ta fusata, ta juyo kaina, ni da ke shirin tafiya Kano. "In irin tsiyar da ake kwasowa a Kano ke nan, kin fasa zuwa jibi!"

Na zare allurar garmahon na ɓoye don kada ya sake busa. Da la'asar zan tunkari Baba da kaina kan maganar tafiyar.